Ƙuri'ar Sitt Widad

Litinin, 3 ga Maris 2014, bayan Isha'i

Na kunna talabijin kamar kullum, na danne murya kamar kullum. Abu Nuriyya ya zauna a wurinsa, hannuwansa a kan cinya kamar ajiyarsu aka ba shi. Kwana shida ke nan tun waccan Talatar bai ce mini kanzil ba. Yana gaishe da Inna in ya leƙa ɗakinta. Yana sa wa 'yarmu Nuriyya albarka in ta kawo shayi. Ni ce dai ba ya gani.

Da boko nake rubuta wannan don Nuriyya ba ta iya karantawa, ita Larabci ya cinye ta. Ni ma haihuwar Makka ce, shi ya koya mini waɗannan baƙaƙen shekarar da muka yi aure. Duk gidan nan mu biyu kaɗai muka san su.

Shirin da muke kallo, Sandar Maestro, abin dariya ne in za a faɗi gaskiya. An tara sanannun mutane goma waɗanda ba su san kiɗa ba, an ba kowa siririyar sanda kamar tsinken tsire, a tsayar da shi gaban makaɗa sun fi sittin, wai ya juya su da hannu. Masu kallo su aika lambar gwaninsu ta jawwal, wato wayar hannu, wanda ya zo ƙarshe ya kama gabansa. Abu Nuriyya kuwa tun da ya tako Makka, shekara ashirin da biyu, ya daina sauraren kiɗa. Wata Litinin yana canza tasha, muryar a danne saboda an kira salla, ya ga wata tsohuwa tana ɗaga hannu, mutum sittin suna binta. Ya ce mini ai waɗannan aikinsa suke yi. Shi ne mai ba direban ƙugiya, injin ɗaga kaya, alama a wurin gini a unguwar Shisha, da hannu yake cewa a ɗaga, a sauke, a tsaya. Tun daga ranar muke kallon kiɗa ba murya, yana yanke wa kowa hukunci da hannunsa kawai, kuma sau uku a jere wanda ya ce zai fita shi ya fita.

Yau wani mai girki cikinsu ya fita. Abu Nuriyya ko hannu bai motsa ba.

Laraba, 5 ga Maris, hantsi

Na sauka wurin maƙwabciyarmu Ramlatu da fanke. Ba ta ci ba. Mijinta Abdulwasi'u yana nan yadda yake a mustashfa, asibiti, tun waccan Talatar da kayan ƙugiya suka same shi a wurin gini, ɗakin da ba a barin kowa ya wuce minti biyar. Shi ke ɗaure kaya a ƙugiyar da Abu Nuriyya ke ba alama, shekara tara suna tare. Duk Litinin su biyun sukan hauro mu yi kallo, Ramlatu tana mita wai kallon kiɗa ba murya ai tuwo ne ba miya, Abu Nuriyya yana ce mata gani ya kori ji.

Ta riƙe hannuna ta ce ta san ba laifin Malam Tsoho ba ne, haka take kiran Abu Nuriyya, direban nan ne bai kalli ƙasa ba, kowa ya san hannun Malam Tsoho ba ya kuskure. Ta yi wa direban Allah ya isa har sau uku.

Na ce mata haƙuri. Iyakar abin da na ce ke nan.

Juma'a, 7 ga Maris, bayan la'asar

Ya dawo daga Harami, ya ci abinci, hannun hagu a ƙarƙashin tebur, na dama yana kai loma kawai ya koma. Mutumin da ko gishiri zai nema sai ya yi mini alama.

Litinin, 10 ga Maris, bayan Isha'i

Saura biyar. Gwanarsa tana nan, Sitt Widad, tsohuwar mai karanta labarai, shekararta sittin da wani abu, ba ta murmushi, ba ta girgiza gashi. Shi ya ce duk cikinsu ita kaɗai ta san tsayarwa. Ya ce ɗagawa kowa ya iya, ko yaro ka ba shi hannu zai ɗaga maka tan goma, amma tsayarwa ita ce aikin, dole ta zo a kan lokaci kuma ba gardama a cikinta. Ya kan nuna mana: hannu a miƙe, tafi yana kallon ƙasa, a share iska sau ɗaya.

Nuriyya ta zauna a ƙasa tana karanto mana ra'ayin mutane daga jawwal ɗinta, tana juyawa da Hausarta mai tuntuɓe don ta sa ubanta dariya. Wani ya rubuta wai Sitt Widad tana juya makaɗa kamar tana sanar da rasuwa. Wata ta ce a mayar da ita gida ta sha magani. Duk Kaftin Nadim suke so, tsohon mai tsaron gida a ƙwallo, shi da ke tsalle yana wurgi da sanda kamar kudan zuma sun biyo shi. Wata Ummu Faisal daga Yanbu ce kaɗai ta ce ku dubi idon makaɗan, in Sitt ta tsaya duk ita suke kallo, in Kaftin ne kowa takardarsa yake kallo.

"Abuya, shuf, wannan ta yi magana irin naka," in ji Nuriyya.

Ya dubi allon. Na ga yatsansa ya motsa, ko kuwa ni ce nake so ya motsa.

Ban aika ƙuri'a ba. Ban iya taɓa wannan wurin a jawwal ɗina.

Talata, 11 ga Maris, 10:52 na safe

Na dubi agogo. Ban san me ya sa na duba ba. Na sani.

Alhamis, 13 ga Maris, azahar

Yayana Umaru ya zo duba Inna, ya tarar ana maimaita shirin. Umaru ba ya ganin abu ya bar shi. Ya ce wannan duk tamsiliyya ce, wasan kwaikwayo, makaɗan nan sun san aikinsu tun kafin a haifi Kaftin, ko akuya ka tsayar a gabansu ka ɗaura mata sanda haka za su yi kiɗansu su gama. Inna daga kan gadonta ta tambaya me mutanen nan suka yi wa matar take musu barazana da tsumagiya.

Na yi dariya, wallahi na yi, karon farko. Sai na juya na ga Abu Nuriyya a bakin ƙofa, dariyar ta ɗauke.

Da ina iya magana da na ce wa Umaru ƙarya yake. In mai hannun nan ba kowa ba ne, me ya kwantar da Abdulwasi'u?

Umaru ne zai raka shi gaban lajnar sharika, kwamitin kamfaninsu, ranar Lahadi, don Larabcinsa ya fi kaifi.

Lahadi, 16 ga Maris, bayan la'asar

Sun dawo. Abu Nuriyya ya wuce ɗaki, Umaru ya biyo ni kicin yana huci. Ya ce bai taɓa ganin mutum mai jefa kansa rijiya irin mijina ba. An tambaye shi ko ya ba da alamar tsayawa, ya ce ya ba da. A kan lokaci? Ya ce a'a. Me ya sa? Ya yi shiru. Direban ma yana shirin ɗaukar rabin laifin, shi ya ce musu direba yana kallonsa, a bar yaron mutane.

Sannan Umaru ya ce Allah Ya taimaka da abu guda, sun karɓi jawwal ɗinsa sun duba, ba kiran da ya shigo da safen nan, ko ɗaya. Da an ga kira da magana ta fi haka muni.

Na ce alhamdulillah. Albasa nake yankawa, ba wanda ya tambaye ni komai.

Lahadi, bayan magariba

Nawa jawwal ɗin ba a goge komai a cikinsa ba.

Litinin, 17 ga Maris, hantsi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Abdulwasi'u, bayan asuba.

Laraba, 19 ga Maris, bayan Isha'i

An yi masa salla a Harami, an kai shi maƙabartar Shara'i. Mutane sai cewa suke ya dace, ya mutu a Makka, dubban mutane sun sallace shi. Na san gaskiya ne. Amma Ramlatu da za a tambaye ta, da ta zaɓi ya tsufa a Damagaram ya mutu mutum goma su sallace shi.

Yau aka gama zaman azza, wato makoki. Kwana uku an jera kujeru a lungunmu tsakanin magariba da isha'i, an ja fitilu, ana zagayawa da gahawa. Abu Nuriyya ya tsaya a layin dangi don Abdulwasi'u ba shi da kowa a nan sai shi. Na leƙa ta taga, na ga kowa ya zo sai ya miƙa masa hannun nan na dama. Mutum ɗari biyu sun kama shi sun saki.

Matan layinmu kowace da nata bayanin. Wata ta ce igiya ce ta tsufa, wata ta ce direban barci yake, wata ma ta ce maita. Ba wadda ta taɓa taka wurin gini. Ni ina zuba gahawa, ta ciki na ciki.

Nuriyya ta raɗa mini wai Sitt Widad ta tsallake ranar Litinin. Na daka mata tsawa a gaban mutane, abin da ban taɓa yi ba. Ba laifinta ba ne.

Asabar, 22 ga Maris, la'asar

Na tuna kwandon. Muna hawa na uku, in ya dawo da kaya masu nauyi nakan zura masa kwando da igiya ta taga. Ya tsaya a ƙasa yana juya yatsa, a hankali, a hankali, sai ya share iska, in tsaya cak. Maƙwabta suna mana dariya. Ya ce a duk direbobin da ya yi aiki da su ni ce ban taɓa ɗauke ido daga kansa ba.

Yau ya hauro da buhun shinkafa a kafaɗa, hawa uku, bai kira ni ba.

Litinin, 24 ga Maris, bayan Isha'i

Saura uku. Shi ya ɗauki rimot da kansa ya kunna. Ban san ko murna zan yi ba.

Sitt Widad ta yi kyau yau, ni da ban san komai ba na gani. Amma mutanen jawwal ba su bar ta ba. Wani ya ce tsofaffi ne ke aika mata ƙuri'a don tausayi. Wani ya yanko hotonta ya sa mata hular ɗan sandan hanya. Wani da ya kira kansa masanin kiɗa ya jera kurakuranta guda bakwai, har da daƙiƙar da kowanne ya faru. Na ce da Nuriyya ta tambaye shi ko ya taɓa tsayawa mutum sittin suna jiran hannunsa. Kowa yana kwance a kan kujera, yana mayar da hoto baya sau goma, sannan ya ce ai da ni ne. Haushi ya kama ni har na zubar da shayi a kan darduma.

Nuriyya ta ce, "Ummi, ish fiki, me ya same ki? Barnamaj ne kawai, shirin talabijin."

Na ce na sani.

Laraba, 26 ga Maris, azahar

Takarda ta fito. Huruj niha'i, fita ba dawowa, nan da sati biyu. Sharika ta ce ba za ta kai maganar gaba ba.

Umaru ya karanta mana a falo. Na ce to sai mu fara haɗa kaya. Abu Nuriyya ya dubi Umaru, ba ni ba, ya ce iƙamata da ta Nuriyya, takardun zamanmu, ai ba a kansa suke ba, kuma Inna ba ta tashi, wa zai juya ta, wa zai mata wanka? Ya ce shi kaɗai zai koma Daura, in ƙasa ta karɓe shi a ga abin da Allah zai yi.

Ina zaune a gabansa yana cewa "ita". Shekara ashirin da ɗaya, yau na koma ita.

Ba tafiyar ce ta fi ci mini rai ba, Allah Ya gani. Ya tafi bai dube ni ba, wannan ne ba zan iya ɗauka ba.

Juma'a, 28 ga Maris, hantsi

Ramlatu tana takaba, ƙaninta zai zo ya tafi da ita in ta gama. Ta ce an zalunci Malam Tsoho, an kori mai gaskiya an bar direba. Na buɗe baki. Na rufe.

Litinin, 31 ga Maris, bayan Isha'i

Wasan ƙarshe, Sitt Widad da Kaftin Nadim.

Kaftin ya yi tsallensa ya gama, mutane suka miƙe tsaye. Sai ita. Ta fito da baƙar riga, ta ɗaga sanda, komai yana tafiya daidai, ko ba murya kana ganin hannayen masu goge suna tafiya tare kamar mata suna daka. Saura kaɗan ta gama, na ga ta ɗan waiga. Jikarta ce a layin gaba ta ɗaga mata hannu, an nuna daga baya. Ta juyo ta share iska, amma rabin makaɗan sun tsaya, rabi sun zarce, hannayen suka watse kowa da inda ya nufa. Ta tsaya da sandar a sama, fuskarta kamar an watsa mata ruwa.

Jawwal ɗin Nuriyya ya kama zuba. Masu sonta suna cewa makaɗan ne ba su kalle ta ba, an haɗa baki ne don Kaftin ya ci. Ummu Faisal ta Yanbu ta rantse Sitt ta tsayar a kan lokaci. Ni ma na ce haka ne, da ƙarfi na faɗa, na ce ba su kalle ta ba.

Sai ya yi magana. Allon yake kallo.

"Suna kallonta. Ita ce ta ɗauke ido. Ƙiftawa ɗaya ne, ai ba ya fin haka."

Aka maimaita wurin a hankali, sau uku. Ya kalla duka ukun. Ni na tashi.

Talata, 1 ga Afrilu, bayan asuba

Bari in rubuta, tun da baki ya ƙi.

Ranar Litinin ɗin can jawwal ɗinka ba rasid, ba kuɗi a ciki, ka ce in aika wa Sitt Widad ƙuri'a da nawa kafin a rufe, ƙarfe sha ɗaya na safiyar Talata. Na ce to. Na yi wa Inna wanka, na ɗora girki, sai na ga saura minti takwas, kuma na manta lambarta, huɗu ce ko bakwai. Bakwai ta Kaftin ce ko tata? Na ji tsoron in aika wa Kaftin ka yi sati kana mini tsiya. Ka sha gaya mini kada in kira ka kafin azahar ko gidan ne ya kama da wuta. Na ce ai tambaya ɗaya ce. Ya yi ƙara sau uku ba ka ɗauka ba, na kashe ina tsaki, har na ce a raina mutumin nan da girman kai yake.

A aljihun ƙirji kake sa shi, ni nake guge rigar. Na san ka zaci Inna ce ta tafi, don me kuma zai sa in kira.

Huɗu ko bakwai. Abin da na kira in tambaya ke nan, Abu Nuriyya. Ba ka ma san dalilin ba, ka goge sunana ka tsaya gabansu kai kaɗai. Ban san ko don ka rufa mini asiri ka goge ba, ko don ba ka son ganinsa. Ina jin duka biyun ne.

Zan bar littafin nan kusa da rimot in shiga wurin Inna.

Talata, 1 ga Afrilu, azahar

Na daɗe a ɗakin Inna, na yanke mata farce, na taje mata kai, na sake tajewa har ta ce ko kitson amarya zan yi mata. Da na fito littafin yana rufe, an sa biro a tsakiya an juya murfinsa sama, yadda yake yi.

Yana zaune. Agogon bango ya nuna sha ɗaya saura kwata. Ya ɗago ya dube ni, ni, a ido. Idonsa ya yi ja.

"Huɗu ce, Zinariya."

Na ce na sani yanzu.

"To aika mata. Ta makara wurin tsayarwa, amma aika mata."

Na aika. Sai da na goge sau biyu. Na durƙusa a gabansa na ce ya yafe mini. Ya ce ni kira na yi, shi ya duba, kuma wanda zai yafe mana yana Shara'i. Ya ce kada in gaya wa Ramlatu, ba abin da zai ƙara mata sai rasa ƙawa. Ban ce to ba. Har yanzu ban san abin da zan yi da wannan ba.

Na ce ya bari in bi shi. Ya mayar da idonsa kan agogo.

Asabar, 5 ga Afrilu, la'asar

Yana mini magana yanzu. Ina safa, ina cajar. Jiya ya ce miyar ta yi daɗi. Ina tattara su kamar tsabar shinkafar da ta zube.

Na ɗinke masa aljihun rigar nan na ƙirji, na rufe shi gaba ɗaya. Ban san me ya sa ba. Ya gani, ya ninke ta ya sa a akwati.

Litinin, 7 ga Afrilu, bayan Isha'i

Kaftin ya ci. Sitt Widad ta tafa masa, ta ajiye sandarta a kan teburin alƙalai ta fita ba ta jira fure ba. Nuriyya ta fara karanto abin da ake cewa, ubanta ya ce, "Halas, ya binti, a bar ta ta huta."

Talata, 8 ga Afrilu, azahar

Umaru ya kawo mota da hantsi, zai kai shi filin jirgi a Jidda. Ya shiga ya durƙusa gaban Inna, ta shafa kansa tana kiransa da sunan ubana, yau ta rikice. Nuriyya ta rungume shi tana kuka da Larabci. An ce in yi sallama a sama, kada in bar Inna.

Na zura masa ƙaramar jakar a kwando ta taga. Ya karɓa bai ɗago ba. Ina ganin an rufe but ɗin mota, ban san lokacin da na figi abaya ba. Hawa uku na sauka, takalmi ƙafa ɗaya. Ban ɗauki fasfo ba, ban ɗauki komai ba, ni dai in shiga motar nan, ko zuwa Jidda ne, ko zuwa bakin titi.

Na fito lungu, ya riga ya buɗe ƙofa. Tsakaninmu bai fi taku goma ba. Ya juyo ya gan ni ina tahowa. Sai ya ɗaga hannun dama, karon farko cikin sati shida. Ya miƙe shi sosai, tafin yana kallon ƙasa, idonsa a kaina bai ɗauke ba. Ya share iska sau ɗaya.

Na tsaya.